Sunaye a Lakwaja, Dangi a Nesa: Nazari a Kan Ginin Tunawa da Sojojin Yaƙin Duniya a Mahaɗar Kwara da Binuwai

Tsakure

Wannan takarda ta dubi ginin tunawa da sojojin yaƙin duniya da ke garin Lakwaja, ta kwatanta shi da irin waɗanda aka gina a ƙauyukan Faransa da Ingila bayan shekarar 1918. Hujjar da take kafawa ita ce, a Turai mutanen gari ne suka gina wa 'ya'yansu, don haka sunan mamaci yana tsaye a tsakiyar waɗanda suka san shi. A Lakwaja kuwa hukuma ce ta gina wa rundunarta, alhali akasarin dakarun ba 'yan garin ba ne. Sai sunayen suka zauna inda babu danginsu, dangin kuma suka zauna inda babu sunayen. Takardar ta bi sawun fagagen da aka mutu, ta tattauna batun 'yan dako da aka bari a baya, da nauyin da ke tattare da tuna sojan da ya yi wa mai mulkin mallaka aiki, sannan ta kawo shawarar yadda za a mayar da sunayen garuruwansu.

Gabatarwa



Wanda ya bi titin Murtala Muhammed a Lakwaja zai wuce wani gini da aka girke tsofaffin bindigogin igwa a jikinsa, ga kuma alluna ɗauke da sunaye. Bindigogin ne ke fara ɗaukar ido, su ne kuma baƙi ke tsayawa a gabansu su ɗauki hoto. Sunayen ba su cika samun mai karanta su ba. Ni kuwa a ganina su ne ginin; ƙarfen da ke gefe rakiya kawai ya yi musu. Sunaye ne na hafsoshin Turawa da na sojojin ƙasa waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Kamaru da Gabashin Afirka, kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana lissafa wurin cikin wuraren da ke rajistarta, tare da takwarorinsa na Zariya da Ibadan da Kalaba.

Tambayar da na zo da ita gajeriya ce: wa aka gina wa wannan gini, kuma wa ke da shi yau? Kafin a amsa ta sai an fara duba inda al'adar ta samo asali.

Yadda abin yake a ƙauyen Turai

Faransa ta rasa sojoji kimanin miliyan 1.4 a yaƙin 1914 zuwa 1918. Ƙasar na da ƙananan hukumomin gari kusan 36,000, kuma da wuya a sami wadda ba ta kafa dutsen tunawa da matattunta ba. Dokar 25 ga Oktoba, 1919 ta tanadi tallafin gwamnati, amma tallafin kaɗan ne. Mafi yawan kuɗin daga aljihun mutanen gari da asusun hukumarsu ya fito. A Ingila dalilin ya fi haka tsanani, domin gwamnati ta hana dawo da gawawwakin sojoji gida. Uwar da ɗanta ya faɗi a bakin kogin Som ba ta da kabarin da za ta ziyarta. Masanin tarihi Jay Winter, a littafinsa na 1995 kan wuraren tunawa da wuraren makoki, ya nuna cewa kafin waɗannan duwatsu su zama alamar kishin ƙasa, wuraren kuka ne. Dutsen da ke dandalin ƙauye shi ya tsaya a madadin kabari.

Abin lura a nan shi ne kusanci. Sunan da ke jikin dutsen sunan gidan da ke bayan coci ne, ko na maƙerin da ke bakin kasuwa. Yaron da ke wucewa makaranta yana karanta sunan kawunsa kullum. A wurare da yawa a Faransa jerin sunayen bisa haruffa aka yi shi, ba bisa muƙami ba, saboda a idon ƙauye mamacin ɗan wane ne kafin ya zama kofur ko kyaftin. Da yake kuma mutanen gari ne masu abin, suna iya faɗin abin da ke ransu ko da hukuma ba ta so. A ƙauyen Gentioux da ke tsakiyar Faransa, a 1922, sun kafa mutum-mutumin yaro maraya ya dunƙule hannu yana nuna rubutun da ke la'antar yaƙi. Wakilin gwamnati ya ƙi halartar buɗe shi. Ƙauyen bai fasa ba.

Wannan shi ne ma'aunin da zan auna Lakwaja da shi: kusancin suna da mai sunan, da kuma ikon mutanen gari a kan abin da aka rubuta.

Me ya kai ginin Lakwaja

Lakwaja ƙaramin gari ne a farkon ƙarni na ashirin, amma garin da hanyoyin ruwa biyu suka haɗu ba ya rasa baƙi. Likita William Baikie ya kafa zangon ciniki a wurin wajen 1860. Kamfanin Neja, wanda ya sami takardar izinin sarautar Ingila a 1886, ya ajiye dakarunsa a can. A can ne Lugga ya fara haɗa Rundunar Kan Iyaka ta Afirka ta Yamma bayan an ba shi umarni a 1897, a can ne kuma ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900, ya shelanta cewa Arewa ta shiga hannunsu. Hedikwata ta tashi daga baya, ta koma Zungeru a 1902, sannan Kaduna a 1917, amma bariki bai tashi ba.

Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka haɗe sojojinsu suka zama Rundunar Nijeriya mai bataliya biyar: ta ɗaya a Kaduna, ta biyu a Lakwaja, ta uku a Kalaba, ta huɗu a Legas, sai ta biyar ta mahaya dawaki a Kano. Idan aka ɗora wannan jeri a kan jerin gine-ginen tunawa da na ambata, za a ga Lakwaja da Kalaba suna cikin duka biyun. Wato ba a kafa gini a Lakwaja don garin ya fi kowa rasa 'ya'ya ba. An kafa shi ne don nan ne gidan bataliya.

Su wane ne dakarun? Tun 1863, lokacin da John Glover ya tara wasu bayin da suka gudo Legas ya ba su bindiga, Turawa ke kiran sojojinsu na wannan yanki Hausawa. Amma a bakin hafsan Bature, duk wanda ya ji Hausa Bahaushe ne. Akwai Barebari da Fulani da Nufawa da Zabarmawa da Dakarkari da mutanen tsaunukan Bauci a ciki, ga Yarbawa masu yawa a bataliyoyin Kudu. Hausa ce harshen bariki, da ita ake fareti, da ita saje ke yi wa kurtu tsawa, hafsoshin Turawa ma sai sun ci jarrabawarta. Sojan zamanin yana sanye da jar dara da gajeren wando na kaki, ya naɗe ƙwabrinsa da ƙyalle, ƙafarsa kuwa babu takalmi. Da wannan ƙafa ya taka daga Yola zuwa Yawunde.

Inda aka mutu

Yaƙin bai yi wata guda da farawa ba aka tura rundunoni uku su keta iyakar Kamaru, wadda ke hannun Jamus: ɗaya daga Maiduguri zuwa Mora, ɗaya daga Yola zuwa Garwa, ɗaya daga Ikom zuwa Nsanakang. Dukkansu uku sun sha kashi. A Garwa, ƙarshen watan Agusta na 1914, dakarun suka kai hari da dare kan ganuwar Jamusawa, gari na wayewa aka buɗe musu wuta da bindigogi masu sarrafa kansu a fili fetal. Kwamandansu, Laftanar Kanar Percy Maclear, ya mutu a nan tare da wasu hafsoshinsa da sojoji masu yawa, sauran suka ja da baya zuwa Yola. Maclear shi ne kwamandan bataliya ta biyu, kuma sunansa na cikin waɗanda ake tunawa da su a Lakwaja. Ranar 6 ga Satumba aka kusan shafe rundunar da ke Nsanakang.

Daga nan yaƙin ya zama na haƙuri. Duwala ta faɗi ranar 27 ga Satumba, 1914. A Afrilun 1915 Jamusawa suka tsallako suka auka wa Gurin, a ƙasar Adamawa, 'yan tsirarun sojojin da ke cikin ƙaramar ganuwar garin suka tare su. Garwa ta miƙa wuya ranar 10 ga Yuni, 1915, aka bi da Ngaundare, sai dutsen Banyo a Nuwamba, inda aka yi kwanaki ana hawa ana mirgino wa masu hawa duwatsu. Yawunde ta faɗi ranar 1 ga Janairu, 1916. Mora kuwa, inda Kyaftin von Raben ya kafe a kan dutse tun farkon yaƙi, ba ta sallama ba sai 18 ga Fabrairu, 1916. Ina so a lura da waɗannan sunaye. Garwa da Ngaundare da Banyo garuruwan Fombina ne, masu bin tutar Yola kafin Turawa su raba ƙasar. Sojan da ke harbi daga wannan ɓangare da wanda ke rama masa daga wancan, sau da yawa harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya. Ga shi kuma a Nuwamban 1914 Sarkin Musulmin Santambul, abokin ƙawancen Jamus, ya yi kiran jihadi a kan Ingila da Faransa. Ba ƙaramin abu aka ɗora wa zuciyar farabiti Musulmi ba.

Wahalar da ta fi ta Kamaru tana gaba. A ƙarshen 1916 aka ɗebi birget guda ƙarƙashin Janar Cunliffe, aka zuba su a jirgin ruwa, aka zagaya da su ta ƙasan Afirka zuwa Darussalam, don su shiga farautar Janar von Lettow-Vorbeck a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. Damina ta rutsa da su a kwarin kogin Rufiji a farkon 1917. Hanyoyi suka yanke, alfadarai suka mutu, abinci ya daina isowa. W. D. Downes, hafsan da ke tare da su wanda ya wallafa labarin tafiyar a 1919, ya ba da labarin yadda rabon shinkafa ya ragu har ya kasa riƙe mutum, yadda sojoji suka shiga tonon saiwoyin da ba su sani ba wasu suka sha guba, da yadda aka wayi gari an kwance igiyoyin fata da aka ɗaure wata gada da su, an dafa an cinye. Mutanen da suka saba da tuwon dawa da fura, ga su a dausayin da ba su san sunan ko ganye ɗaya na cikinsa ba. Waɗanda suka tsira daga yunwa da zazzaɓi da atuni su ne suka shiga gumurzun Bweho Chini a Satumba, sannan na Mahiwa daga 15 zuwa 18 ga Oktoba, 1917, wanda yana cikin mafi muni a duk yaƙin Gabashin Afirka. Birget ɗin ya dawo Legas a Maris na 1918.

Babu gawar da ta dawo tare da shi. A nan Lakwaja da ƙauyen Ingila suka yi tarayya: duka biyu suna ne kawai ya rage. Inda suka rabu shi ne wurin da aka ajiye sunan.

Suna da gari

Akawun bariki ba ya tambayar kurtu sunan mahaifinsa, balle na kakansa ko unguwarsu. Sunan yanka yake rubutawa, ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, ya ba shi lamba. Shi ya sa rajistar sojojin wancan zamani ta cika da wane Kano, wane Katsina, wane Bauci, wane Sakkwato, wane Zabarma. Sojan da ake cewa shi ya fara harba harsashi a ɓangaren Ingila a duk yaƙin, a Togo cikin Agustan 1914, da sunan Alhaji Grunshi aka san shi, Grunshi kuwa sunan al'umma ne a arewacin Gana ta yau. Wani kurtun ma ba garin haihuwarsa yake faɗa ba, garin da ya baro na ƙarshe yake faɗa. Wani da gangan yake sauya suna, saboda ya gudo ne daga ubangiji, ko daga bashi, ko daga iyayen da ba za su taɓa yarda ɗansu ya shiga aikin Nasara ba.

Wannan tsari yana da fuska biyu, kuma masu nazari sun fi kallon ta farko. Fuskar farko ita ce rashi: Audu nawa ne a ƙasar Kano a 1914? Sunan ba ya kai mutum ƙofar gida. Fuska ta biyu ita ce, duk da haka, allon ya zama taswira. Kowane layi yana nuna wata ƙasa da ta ba da ɗa. Ginin Lakwaja kamar wasiƙun ta'aziyya ne da aka rubuta, aka sa sunan garin da za a kai kowace, sannan aka tara su a gidan waya ɗaya ba a aika ba. Uwar da ke wani ƙauye a ƙasar Katagum ba ta san an sassaƙa sunan ɗanta a bakin Kwara ba. Ko ta sani, tafiyar makonni ce, kuma rubutun boko ne da harshen da ba ta ji. Abin da ya iso mata, in ya iso, shi ne bakin wani abokin aikinsa da aka sallama. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A kan waɗannan mutane maganar ta tabbata fiye da yadda ya kamata.

Duk da haka su ne masu sa'a, domin an rubuta su. Akinjide Osuntokun, wanda littafinsa na 1979 kan Nijeriya a Yaƙin Duniya na Ɗaya har yau shi ne madogara, da sauran masu binciken fannin, sun nuna cewa Nijeriya ta ba da mayaƙa kimanin 17,000, amma 'yan dako sun kai wajen 35,000. A ƙasar da ƙudan tsando ke kashe dabba kuma mota ba ta da hanya, kan mutum shi ne jirgin ƙasa. Ɗan dako na ɗaukar kaya mai nauyin kilo 25 ko fiye, ya yi yini yana tafiya. Igwar dutse ma kwance ta ake yi gunduwa-gunduwa, wannan ya ɗauki bututu, wancan ƙafa, wancan akwatin harsashi, a haɗa ta a bakin daga cikin mintuna. Da yawansu ba da son ransu suka zo ba. An yanka wa hakimai da dagatai adadin da za su kawo, su kuma suka kamo wanda ba shi da mai tsaya masa. Abincinsu ya fi na soja ƙaranci, magani ya fi yi musu nisa. Irin bindigogin da baƙi ke ɗaukar hoto da su a yau, wuyan waɗannan mutane ne ya kai su fagen fama.

A Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta fitar da rahoton kwamitin da ta kafa bayan binciken Farfesa Michèle Barrett da shirin talabijin da David Lammy ya gabatar a 2019. Rahoton ya ce mamata tsakanin 45,000 da 54,000, akasarinsu Indiyawa da 'yan Afirka, ba a karrama su daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ko kaɗan ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Hukumar da aka kafa a 1917 bisa alkawarin cewa janar da farabiti dutse iri ɗaya za su samu, ta ajiye alkawarin a bakin tekun Afirka. A Darussalam, a 1927, mutum-mutumin soja guda aka kafa ya wakilci dubbai. Legas ma ta sami nata, wanda mutanen gari suka raɗa wa Soja Idumota. Cikin hujjojin da rahoton ya tono akwai ta Gwamna Guggisberg na Gwalkwas (Gana ta yau), wanda a 1923 ya ce talakan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ba, ba kuma zai ga darajarsa ba. Zan dawo kan wannan magana, domin akwai guntuwar gaskiya a cikinta da aka yi amfani da ita aka rufe babban zalunci.

Maƙwabtan ginin

Akwai dalili na biyu da ya sa ginin ya zama maraya, kuma ba daidai ba ne a kauce masa a nazari irin wannan. Rundunar da aka rubuta sunayen 'ya'yanta ita ce ta ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato a Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin shekarar, ta ƙone Satiru ta kuma auka wa Haɗeja a 1906. Tsakanin Burmi da Garwa shekara 11 ce kacal. Samanjan da ya jagoranci kurata zuwa Kamaru, ba abin mamaki ba ne a ce yana cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar Kano. Jama'a ba su manta ba. Soja a idon talakan wancan lokaci shi ne mai ƙwace kaza da tabarma, mai rakiyar masu karɓar haraji. Ba kowane gida ne zai yi alfahari da cewa ɗansa na cikinsu ba.

Lakwaja kuma ita ce garin da Turawa suka mayar wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe. Etsu Nufe Abubakar, Sarkin Zazzau Kwasau, Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi wanda ya rasu a can a 1924, da Sarkin Kano Alu wanda ya rasu a can a 1926, duk nan aka kai su, kaburburansu na cikin garin. Ranar da bataliya ta biyu ta yi fareti ta nufi Kamaru, Alu na zaune a garin a tsare. Ban san wani gari a ƙasar nan da ya haɗa waɗannan matattu biyu kusa da juna kamar haka ba: wanda aka ci da yaƙi, da wanda aka ci yaƙin da hannunsa. Bambancinsu a yau shi ne, kaburburan sarakunan na da masu zuwa. Zuriyarsu sun san inda suke, suna tafiya takanas su yi musu addu'a. Sunan farabiti ba shi da mai zuwa.

Ra'ayina a nan shi ne, tuna mutum ba wanke aikin da aka sa shi ba ne. Mafi yawan waɗannan sojoji talakawa ne da tsohon tsari bai ba su komai ba, sabon tsari kuma ya ba su sule da kaki ya karɓi ransu. Wanda ya dubi rayuwar Chari Maigumeri zai ga yadda lamarin ya fi ƙarfin hukunci na gaggawa. Mutumin Barno ne, ya fara aikin soja a ɓangaren Jamus a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, ya koma ɓangaren Ingila, ya kai muƙamin babban samanja, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin sojan Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi yau. Tutar wa ya yi wa biyayya? Amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce, ya riƙe amanar aikinsa da ta mutanen da ke ƙarƙashinsa, a zamanin da ba a bar wa irinsa wata tuta tasa ba.

Yadda muke tunawa, da abin da za a iya yi

Na ce akwai guntuwar gaskiya a maganar Guggisberg. Ita ce, Musulmin wannan yanki ba su saba kafa dutse mai rubutu a kan kabari ba. Shari'a ta hana gini a kan kabari, mutum-mutumi kuwa ba a ma maganarsa. Kabarin Bahaushe tudun ƙasa ne, da itace ko fasasshiyar tukunya a matsayin alama, bayan 'yan shekaru ya baje. Amma rashin dutse ba rashin kula da suna ba ne. Al'ummar da ta adana jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda, wadda maroƙanta ke jero kakannin mutum a bainar jama'a, wadda ke mayar wa jariri sunan kakansa har a riƙa sakaya shi da Abba ko Baffa don kunya, ba za a ce ba ta san darajar suna ba. A wurinmu suna a baki yake zama, da cikin addu'a, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Abin da aka hana iyalan waɗannan sojoji ba dutse ba ne. Labari aka hana su: ya mutu, ran kaza, a wuri kaza. Ba tare da wannan ba mace ba ta san ranar fara takaba ba, ba a raba gado, ba a yin sadaka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda 'yan Nijeriya sama da 100,000 suka shiga, an ɗan sami sauyi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a 1939, ta riƙa kai labarin fagen fama cikin Hausa, Sa'adu Zungur kuma ya yi wa masu dawowa waƙar Maraba da Soja. Amma tunawar hukuma ta sake komawa cikin bariki. Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk sunaye ne daga yaƙin Bama, kuma mutum na iya yin shekaru yana wucewa ta ƙofarsu bai san haka ba. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda aka ɗauke daga 11 ga Nuwamba aka mayar 15 ga Janairu don ta dace da ƙarshen yaƙin basasa a 1970, ita ma bikin manyan birane ce: gwamna ya ajiye furanni, a busa begila, a saki tattabaru, a watse. Ba a kiran sunan kowa.

Shawarata ba ta bukatar siminti. Rajistar hukumar kaburburan yaƙi tana intanet, kowa na iya dubawa, da lamba da muƙami da ranar mutuwar wanda aka rubuta. Sassan tarihi na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Tarayya ta Lakwaja da ta Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, za su iya raba aikin a tsakaninsu: a kwashe sunayen Lakwaja da Zariya da Ibadan da Kalaba, a tace su bisa garin da kowane suna ya nuna, a gwada da takardun lardi da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna da Gidan Arewa, inda ya fi dacewa a nemi sawun 'yan dako, tun da ta hannun hakimai aka ɗebe su. A buga jerin kowace masarauta da boko da ajami, a miƙa wa fada da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta yankin. Ranar 15 ga Janairu a karanta shi da babbar murya a ƙofar hakimi da gidan rediyon jiha, liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa inda mamatan Kirista ne ko jikokinsu suka zama Kirista. Wannan bai saɓa wa shari'a ba, bai kuma saɓa wa al'ada ba.

Aikin bai tsaya kan matattun 1914 ba. Akwai waɗanda suka faɗi a Kwango, da yaƙin basasa, da Laberiya da Saliyo, da waɗanda ake binnewa yanzu a maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri. Ƙasa ta san sunan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, ɗan jihar Kogi, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, kuma ya cancanci a san shi. Sojojin da suka mutu tare da shi a daren ma 'ya'yan wasu garuruwa ne, kuma kowace ƙaramar hukuma na iya buɗe littafi guda ta rubuta nata: suna, sunan mahaifi, unguwa, runduna, wuri da rana.

Ɓangaren da ba ya jira shi ne na baka. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1945 ya haura 95 yanzu, saura ƙalilan ne. 'Ya'yansu kuwa suna nan da yawa, a Zuru da Biu da Kano da Makurɗi, wasunsu na riƙe da littafin sallama da lambobin yabon iyayensu a cikin adaka. Ɗalibin da za a tura musu ya tafi da na'urar ɗaukar murya, ya ɗauki hoton kowace takarda, kuma bayan ya tambayi labarin mahaifinsu, ya tambaye su sunayen abokan da mahaifin ya riƙa cewa sun tafi tare ba su dawo ba, da garuruwan da suka fito.